Gishiri, Sukari da Ma'auni: Tarihin Yaƙi da Gudawar Yara a Zangunan Akra

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da jariri yake gudawa ya san ciwo ne da ba ya ba da dogon wa'adi. Yaron da ya wuni yana rarrafe jiya, yau kafin azahar idanunsa sun zurma, leɓɓansa sun bushe, maɗigarsa ta faɗa, yana kuka babu hawaye. Hausa ba ta rasa sunayen wannan lalura ba. Akwai zawo da zawayi da gudawa, wadda wasu ke ganin taƙaitawa ce ta "gudun dawa". Idan da jini da majina sai a ce atuni, idan kuwa annoba ce mai haɗe da haraswa sai a ce amai da gudawa. Ɗalibin harshe zai lura cewa sunayen nan duka abin da ido yake gani suke siffantawa, wato abin da ke fita da yawan zirga-zirgar mai ciwon. Babu wanda ya ambaci abin da jiki yake asara a ɓoye, alhali kuwa wannan asarar ce take kisa.

Wannan muƙala ta bi diddigin yadda aka gano hakan, da yadda maganin ya baro ɗakin bincike ya iso hannun uwa. An ɗora bayanin a kan unguwannin zango na Akra, babban birnin Gana, wanda fataken da suke kira Ankara, musamman Nima da Maamobi da maƙwabciyarsu Kanda.

Zango da magudanarsa

Zango a asali masaukin ayari ne. Fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, kuma bayan yaƙin basasar da ya tarwatsa garin a 1892 da yawa daga cikinsu suka gangara kudu. A Akra, tun wajen 1881 Malam Nenu ya kafa Zangon Malam, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Nima ƙanwa ce a kan waɗannan. A farkon shekarun 1930 wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami izinin zama a wurin daga wani iyali na Osu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai tsofaffin sojoji da 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar da Nijar da Nijeriya da Mali da ƙasar Mosi suka yi ta kwararowa, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su.

Abin da ya shafi batunmu shi ne, har zuwa farkon shekarun 1950 Nima tana wajen iyakar hukumar birni. Gidaje sun riga famfo da masai da magudanar ruwa zuwa, ba a bar musu fili ba. Rafin da ya ratsa tsakanin Nima da Maamobi ya koma babban lambatu, wanda mutanen wurin ke kira "gota", yana kwasar ƙazantar unguwa zuwa kogin Odaw. Bayan samun 'yancin kai a 1957 aka gina rukunin gidajen Kanda a gefe guda, da tituna a tsare da famfo a cikin gida. Tazarar 'yan mintuna ce a ƙafa, amma yaron da aka haifa a ɓangaren nan da wanda aka haifa a wancan ba ruwa ɗaya suka sha ba. Mai son tarihin gudawar yara a ko'ina, to ya fara da tambayar inda ake ɗebo ruwa da inda ake zubar da bahaya.

Likitar da ta saurari masu jinya

Gwamna Gordon Guggisberg ya buɗe asibitin Korle Bu a 1923, aka kuma kafa asibitin yara na Princess Marie Louise a 1926. A wannan asibitin yaran ne Dakta Cicely Williams, 'yar asalin Jamaika da ta iso Gwalkwas a 1929, ta yi aikin da ya sa sunanta ya shiga tarihi. Ta lura da wasu yara da aka yaye a kan kunun masara zalla: ƙafafunsu a kumbure, fatarsu tana saɓulewa, gashinsu ya sauya launi, ga gudawa da ba ta tsayawa. Ta wallafa bayaninsu a 1933, sannan a 1935 ta kira ciwon da sunan da ta ji a bakin mutanen Ga, wato kwashiorkor, ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan fahimta ba, domin shi ma yana danganta ramar yaro da kwanika, wato uwa ta ɗauki ciki tana goyo.

Williams ta ga cewa yunwa da gudawa abokan tafiya ne: gudawa tana ramar da yaro, ramammen yaro kuma gudawa ta fi saurin kayar da shi. Abin da ba ta da kayan aunawa a lokacin shi ne abin da ke gudana a cikin jinin yaran. Na'urar auna gishirin jini cikin sauri sai a shekarun 1940 ta fara shiga asibitoci.

Mene ne jiki yake asara?

Kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin jariri ruwa ne, amma ba tsurar ruwa ba. A narke a cikinsa akwai sinadarai masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda da su jijiya take aika saƙo, tsoka take motsi, zuciya take bugawa. A wannan rubutu zan kira su gishirin jiki, duk da cewa gishirin miya ɗaya ne kawai daga cikin tushensu. Manyansu su ne sodiyam da fotasiyam da kuloraid da bayikabonet. Sodiyam ya fi yawa a ruwan da ke wajen ƙwayoyin halitta, kuma a jinin mai lafiya yana tsakanin milimol 135 zuwa 145 a kowace lita. Fotasiyam kuwa a cikin ƙwayoyin yake zaune, abin da ke yawo a jini kaɗan ne, daga 3.5 zuwa 5. Gudawa tana wanke su duka, amma ba daidai wa daida ba, kuma a nan rikicin yake.

Idan sodiyam ya yi ƙasa, kamar yadda yake faruwa ga yaron da ake ɗura wa tsurar ruwa ko shayi kwana da kwanaki, ruwa yakan kutsa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura. Yaron ya yi laushi, barci ya rinjaye shi, daga nan sai jijjiga. Idan kuma sodiyam ya yi yawa, saboda an cika gishiri ko an ba shi lemon kwalba mai zaƙi, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ne suke tsukewa. Wannan yaron ƙishirwarsa ba ta yankewa, kukansa mai tsini ne, shi ma yana iya jijjiga, kuma abin tsoro shi ne alamun bushewa ba sa fitowa sosai a fatarsa, sai a ɗauka da sauƙi. Ƙarancin fotasiyam yana kashe tsoka: wuya ya kasa riƙe kai, hanji ya daina motsi har ciki ya kumbura, bugun zuciya ya rikice. Asarar bayikabonet kuma tana sa jini ya yi tsami, yaro ya riƙa jan dogon numfashi da sauri, har a zaci ciwon haƙarƙari ne. A gida, jijjiga ta sha ɗaukar sunan iska ko tsuntsu, gudawar kanta kuma a ce haƙori ne.

Sanin haka ya daɗe. A annobar kwalara ta 1831 zuwa 1832 a Birtaniya, wani matashin likita ɗan Ayalan, William O'Shaughnessy, ya binciki jinin masu ciwon ya tarar ya rasa ruwa da gishiri, Thomas Latta na garin Leith kuma ya fara ɗura musu ruwan gishiri ta jijiya. A 1946 Daniel Darrow a Amurka ya nuna cewa ƙara fotasiyam a ruwan da ake ba jarirai masu gudawa yana rage mutuwarsu ƙwarai. Sai dai ƙarin ruwa ta jijiya yana buƙatar kwalba mai tsabta da allura da ƙwararren hannu mai iya samo jijiyar jaririn da ya bushe. Uwar da ke Nima da tsakar dare ba ta da ko ɗaya.

Kwalara ta iso, magani ya biyo baya

Annobar kwalara ta bakwai ta taso daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya a 1961, ta sauka Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini a 1970. A watan Satumba na shekarar aka sami mai ɗauke da ita na farko a Gana, wani matafiyi ɗan Togo da ya taso daga Konakiri ya sauka a filin jirgin sama na Kotoka, wanda ba shi da nisa da Nima. Tun daga lokacin cutar ta sami wurin zama a gaɓar teku, tana lafawa tana tasowa da damina.

A daidai wannan zamani ne ake ɗaura maganin a wata nahiya. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa bangon hanji yana da wata ƙofa da sodiyam da sukarin gulukos suke shiga tare, ɗaya ba ya wucewa sai da ɗaya, ruwa kuma yana bin su a baya. Daga bisani aka gano cewa gubar kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. Ma'ana, ruwan gishiri zalla wucewa yake yi ya ƙara gudawa, amma idan aka sa masa sukari daidai gwargwado sai hanji ya tsotse shi. Gwajin farko da likitocin sojan ruwan Amurka suka yi a Manila a 1962 ya zo da asarar rayuka, domin haɗin ya yi kauri da yawa. Tun ranar farko ke nan ma'auni ya nuna shi ne ran al'amarin. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka nuna a Dhaka cewa haɗin da aka auna daidai yana rage buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya da kusan kashi 80 cikin 100.

Jarrabawa ta gaskiya ta zo a 1971, lokacin yaƙin ɓallewar Bangaladash. Kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan jijiya ya ƙare, sai Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari da bayikabonet a cikin durom, dangin marasa lafiya suna ɗiba da kofi suna shayar da nasu. A cikin mutum fiye da 3,000 da aka yi wa haka, mutuwa ta sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa 3.6. A ganina wannan ne mahimmin juyi a tarihin, fiye da binciken Crane, domin a nan ne likita ya sakar wa jahilin boko maganin, ya kuma yi aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da haɗi guda a 1975, hukumar ta kafa shirin yaƙi da cututtukan gudawa a 1978, ƙunshin ORS ya fara yawo a duniya. Ƙiyasin da aka yi na shekarar 1980 ya nuna gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 4.6 a shekara. Yau adadin bai kai rabin miliyan ba, duk da ƙaruwar jama'a.

Kwalba, cokali da leda

Maganin ya shigo Afirka ta Yamma a mawuyacin lokaci. A 1983 Gana ta haɗu da fari da gobarar daji da yunwa, ga kuma kimanin mutum miliyan ɗaya da gwamnatin Shagari ta koro daga Nijeriya. A 1985 aka ɗora wa marasa lafiya biyan kuɗin asibiti. Maganin da uwa za ta haɗa da kanta a gida ya dace da aljihun gwamnati da na talaka. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya tsaya tsayin daka a kan lamarin, kuma a wannan zamani ne "ruwan gishiri da sukari" ya zauna daram a Hausar rediyo.

Sunan ya faɗi kayan haɗi, bai faɗi awo ba. A Bangaladash ƙungiyar BRAC ta bi gida-gida daga 1980 zuwa 1990 tana koya wa mata miliyoyi awon da ke jikinsu: gishiri da yatsu uku, mazarƙwaila cikin tafin hannu, ruwa rabin lita. A Gana da Nijeriya kuwa masu tsara shirin sun nemi mazubin da suke ganin kowane gida yana da shi, suka zaɓi kwalbar giya mai ɗaukar kimanin mililita 600, ko kwalbar lemo biyu. Ba sai an yi dogon bayani ba a kan yadda ma'aikaciyar jinya za ta dubi matar liman a Maamobi ko a Fagge ta ce ta auna ruwa da kwalbar giya. Kwalbar lemo ce ta ceci saƙon a gidajen Musulmi. Cokali ma ba ɗaya ba ne, kuma "a shafe" da "a cike da tozo" tazararsu tana iya kai ninki.

A wata ziyara da na kai Maamobi don tattara kalmomin Hausar zango, na zauna da wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai, hira ta kawo mu kan goyo. Ta ce: "Malam, a zamaninmu in yaro ya kama zawo cewa ake haƙori ne, a rage masa ruwa kada cikin ya ƙara gudu. Biyu na binne a haka." Na ce: "Allah ya sa masu ceto ne, Hajiya. Yanzu fa?" Ta ce: "Yanzu kowa ya san ORS. Amma na ga jikata ta juye ƙunshi guda a ledar fiya wata ɗaya, wai don ya yi ƙarfi."

Lissafin abin da jikar ta yi ba shi da wuya. Ledar ruwan da ake sayarwa a titunan Akra da Kano rabin lita ce. Ƙunshin ORS kuma iri-iri ne, wani don lita ɗaya aka yi shi, wani don mililita 600, kuma a jikinsa ake rubutawa. Idan aka juye na lita ɗaya a leda ɗaya, sodiyam ɗin da ya kamata ya tsaya a 75 ya zama 150, kaurin haɗin ya tashi daga 245 zuwa 490, alhali na jini bai kai 300 ba. Irin wannan ruwa janyo ruwan jiki yake yi zuwa cikin hanji. Uwa ta yi niyyar alheri, ta kuma sayi maganin da ya dace, amma ta tura ɗanta wajen yawan sodiyam da aka bayyana a sama. Ƙunshin lita ɗaya leda biyu yake ci. Inda babu ƙunshin, awon da aka fi yaɗawa shi ne rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali 6 na sukari, duk a shafe, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kuma kada ya fi hawaye gishiri a baki. Wannan na gida ba shi da fotasiyam, shi ya sa ake haɗawa da ayaba ko ruwan kwakwa, wanda Akra ba ta rasa shi, tare da ci gaba da ba da nono da abinci. Yaron da ya kasa sha, ko yake ta amai, ko hankalinsa ya fara gushewa, ko ake ganin jini a bahayarsa, asibiti ne wurinsa ba tare da jinkiri ba.

Daga 90 zuwa 75

Su ma masana sun yi shekaru suna jayayya a kan awo. Haɗin 1975 yana da sodiyam 90 da kauri 311, domin da kwalara aka auna shi, ita kuwa bahayarta cike take da gishiri, tana kaiwa 130 ko fiye ga babba. Amma gudawar yau da kullum da ke kwantar da jarirai ba kwalara ba ce. Mafi yawan mai tsananin ƙwayar cutar rota ce take kawo ta, kuma sodiyam ɗin da ke fita a cikinta bai cika wuce 40 ba. Bayan gwaje-gwaje a ƙasashe da dama, a 2002 aka sauko da haɗin zuwa sodiyam 75, gulukos 75, fotasiyam 20, jimillar kauri 245. Sabon haɗin ya rage amai da yawan bahaya da buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya. A 2004 aka ƙara shawarar ba da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba.

Yaran Cicely Williams kuma suka sake dawowa cikin lissafi. An gano cewa yaro mai tamowa ko kwashiorkor jikinsa a cike yake da sodiyam ko da awon jini ya nuna ƙasa, fotasiyam ɗinsa kuwa ya ƙare, zuciyarsa ba ta jure lodin ruwa. Saboda haka aka yi masa nasa haɗin daban mai suna ReSoMal, mai sodiyam 45 da fotasiyam 40, wanda a asibiti ake ba da shi sannu a hankali.

A watan Afrilu na 2012 Gana ta shigar da rigakafin rota cikin na jarirai, ana ɗiga shi a baki, bayan gwaje-gwajen da masu bincikenta suka yi a Navrongo. Nijar ta bi sahu a 2014, Nijeriya sai a 2022. Duk da haka, a 2014 kwalara ta ɓarke a Akra da damina, ta kama kusan mutum 29,000 a faɗin ƙasar, mafi yawansu a babban birnin da kewayensa, ta kashe fiye da 240. Adadin mamatan bai kai 1 cikin 100 ba, wanda shaida ce ga ruwan gishiri da sukari. Adadin waɗanda suka kamu kuwa shaida ce a kan lambatu da masai da famfon da ba ya kawo ruwa. A 2021 aka buɗe babban Masallacin Ƙasa a Kanda, hasumiyoyinsa ana hango su daga lungunan Nima, gotar kuma tana nan tana gudana a bayansu.

Tarkon kanwa

Akwai wani tarko da ya kamata ɗaliban fassara su sani. Hausa tana da arzikin sunayen gishiri, irin su manda da ɓalma da kantu da mangul, gadon ayarin Azbinawa masu zuwa Bilma, ga kuma kanwa da ire-irenta, ungurnu da jar kanwa. Turancin kasuwa a Nijeriya da Gana yana kiran kanwa "potash", kalmar da sunan fotasiyam ya samo asali daga gare ta, kuma ƙamusoshi da dama sun bi wannan fassara. Amma kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Cadi da Manga galibinta sodiyam ce, haɗe da kabonet da bayikabonet. Fotasiyam ɗin cikinta ƙalilan ne. Mai fassarar da ya ga an rubuta cewa yaro mai gudawa yana rasa fotasiyam, ya duba ƙamus ya rubuta "sinadarin kanwa", ya buɗe ƙofar da uwa za ta dama kunun kanwa ko ta jiƙa ungurnu ta ɗura wa jariri, tunda dama al'ada ta san kanwa da maganin ciki. Abin da zai shiga jikin yaron ƙarin sodiyam ne marar awo, fotasiyam ɗin da ya rasa kuma yana nan a rashe. Na taɓa ganin irin wannan fassara a wata takardar wayar da kai da aka buga da Hausa, na kuma sa ɗalibaina suka gyara ta a aji. Abin da muka tsayar shi ne a bar kalmar a matsayin aro, a rubuta fotasiyam, sannan a biyo ta da abin da uwa za ta iya saya a bakin titi: ayaba, lemon zaƙi, ruwan kwakwa.